Baƙin Mishan a Karkararmu

 

Da aka ce in yi magana a kan 'yan mishan masu aikin sa kai a ƙauyuka, wani abokina ya ce me ya haɗa kifi da kaska, ga Miga garin Musulmi a masarautar Dutse? Na ce masa ya tambayi dattawanmu da aka cire wa yanar ido a Sabon Garin Kano, ya ji asibitin wa suka je. Na ECWA ne, wanda 'yan mishan suka buɗe a 1943.

A wasu ƙasashen da wuri suka kafu. Cikin al'ummar Xhosa ta Afirka ta Kudu sun buɗe makarantar Lovedale tun 1841, kuma shi kansa Nelson Mandela ya yi karatu a makarantunsu na Clarkebury da Healdtown. Nan kuwa a kulle suka tarar da ƙofa. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasarmu; kafin ƙarshen 1894 biyun farko sun mutu. Daga yunƙurinsu ƙungiyar SIM ta tashi, ita kuma ta haifi cocin ECWA a 1954. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, jagoransu Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, shi ya sa aka daɗe ana taka wa mishan birki a masarautu.

Kuturta ce ta buɗe musu ƙofar. A ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa SIM zangunan kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Ku saurari sunan nan da kyau, Yadakunya. Mutum ne da danginsa suka ware masa ƙwarya da buta, kowa na gudun tabarmarsa, sai ya je ya tarar da baturiya ta durƙusa tana wanke masa gyambo da hannunta, tana yi masa sannu da Hausa. Kada mu yaudari kanmu, addininsu suka zo yaɗawa, ba su kuma ɓoye ba. Sarakuna sun yi ƙorafi a kan yaran da ake koya wa Kiristanci a zangunan, kuma a ganina suna da gaskiya. Har nan Jigawa sun zauna, a Roni da Garun Gabas. Musulmin da suka bi su kaɗan ne, cikin Maguzawa suka fi samun karɓuwa. Amma in bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga, kuma mu ne muka bar kuturu a bakin kasuwa da ƙoƙon bara.

Wanda na fi so manoman Miga su ji labarinsa shi ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da SIM ta kai Maraɗi a farkon shekarun 1980. Ya yi ta dashen itatuwa, zafi da awaki suna cinyewa, har ya kusa fid da rai. Wata rana ya tsaya rage wa tayoyin motarsa iska don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a bakin hanya, irin wanda muke sarewa duk lokacin sharar gona. Da ya duba ganyen, sai ya ga ashe itace ne, kututturen da aka sare ne yake tohowa, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Aikin kuwa ba wuya: ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, ka tsare su daga dabbobi. Manoman can suna kiransa sassaben zamani. Da farko dariya aka yi masa, don a wurinmu gona mai tsabta ita ce ta manomin kirki. Masu bincike sun kiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, shi kuma ya karɓi kyautar Right Livelihood a 2018. Sama da shekara goma ya yi a can, yana jin Hausa, yana zama a gindin gawo da manoma. Masu zuwa mako biyu su raba buhun shinkafa su ɗauki hoto, ko daga coci suke ko daga masallaci, ban ga abin da suka bari ba.

Muna da zakka, muna da wakafi, muna da 'ya'ya a Jami'ar Tarayya ta Dutse da makarantun koyon aikin jinya. Roƙona gare ku matasa, hutun nan mai zuwa kowannenku ya zaɓi ƙauye ɗaya ya zauna, ya taya ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ko malamin firamare, ya kuma koma hutun gaba. Ku kuma iyayena manoma, in sharar gona ta zo bana, ku bar wa kalgo da sabara rassa uku.