Manɗiƙin da Ke Jure wa Saɓanin Labarai

Duk ɗalibin da ya karanta Sullamu na Shehu Ahdari a zaure ya san ƙa'idar da aka gada tun daga Aristotal, watau magana da kishiyarta ba sa tabbata tare. Manɗiƙin zamani ya ɗora wani hukunci mai tsanani a kanta: in har suka tabbata tare, to kowace magana ma ta tabbata.

Alal misali, manomi daga Gagarawa ya sayi sa a kasuwar Maigatari ran Alhamis. Dillali ya ce an biya kuɗi, mai sa ya ce ba a biya ba, akawu kuwa ya rubuta duka biyu. Daga maganar dillali ana iya cewa: ko dai an biya, ko kuwa san na sata ne. Maganar mai sa ta kore ɓangaren farko. Saura me? San na sata ne! Ga bawan Allah ya zama ɓarawo, alhali ba wanda ya tuhume shi. Akawu mai hankali ba zai yi wannan aika-aika ba, amma kwamfutar da aka ɗora bisa wannan ƙa'ida ba ta da abin da zai tsayar da ita.

Jaskowski na ƙasar Polan a 1948, da Newton da Costa na Birazil a 1963, sun tsara manɗiƙin da saɓani ba ya rushe shi. Hanyar da ta fi dacewa da ma'aikaci kuwa ita ce ta Dunn a 1976 da Belnap a 1977, dukkansu Amurkawa. Matsayi huɗu suka ba kowace magana: an ce gaskiya ce, an ce ƙarya ce, an faɗi duka biyu, ba a ce kome ba. A lura, waɗannan matsayai ba halin san suke bayyanawa ba, halin labarin da ya iso ofis suke bayyanawa. Saɓanin yana cikin fayil, kuma nan zai tsaya.

Lalle akwai hasara, domin ƙa'idar "ko wannan ko wancan, ba wannan ba ne, saboda haka wancan ne" ta faɗi ke nan. Haka kuma tsarin bai faɗi wanda ke da gaskiya ba. Alƙalin Malikiyya, in shaidu suka saɓa, yakan rinjayar da waɗanda suka fi adalci. Tsarin Belnap iyakarsa ya adana maganganun biyu har a kai gabansa.