Jawabi ga makiyaya a Garuwa: ciwon da matanmu ke ɓoyewa

Ardo-ardo, dattawa, da 'yan'uwa masu cinikin shanu, sannunku da zuwa. Yau zan taɓo maganar da ba mu saba yi a taro ba, ku yi mini haƙuri.

Kowa ya san kunyar matanmu. Mace za ta shekara da ciwon mara ba ta buɗe baki ba, mu kuma ba mu tambaya.

Tun da aka datse kogin Binuwai a Lagdo a 1982, rugage da yawa a bakin ruwan nan suke cin rani. Nan mata ke wanki da wanka, ruwan kuwa akwai tsargiya. Mu mun ɗauka ciwon yara ne masu fitsarin jini. To, tana kama mace ma a gabanta: ƙaiƙayi, fitar ruwa, jini bayan kwanciya da miji, wani lokaci har haihuwa ta tsaya. Sai miji ya ce ciwon sanyi ne, ya shiga zarginta. Jama'a, aure na mutuwa a kan wannan! Alhali ƙwayar praziquantel tana kashe tsutsar. In kun kai ta asibiti, ku gaya wa likita ruwan da take shiga.

Akwai kuma abin da ba a jira a gani. Naƙudar da ta kwana ta wuni, a nemi mota ko babur, domin ita ce ke kawo yoyon fitsari. Jini ga mai ciki, ko kaɗan ne. Tsohuwar da ta daina al'ada sai jini ya dawo, a duba ta, sankarar bakin mahaifa takan fara haka. Kada a tsaya kan jiƙo da ƙwayoyin 'yan tebur.

Maganar kuɗi fa? Tun 2015 akwai takardar masu ciki a nan arewacin Kamaru, wadda ake kira chèque santé. Sefa 6,000 ce, ta ɗauke awo, haihuwa, har fiɗa in ta kama, da kulawa zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Ɗan akuya ma ya fi haka a kasuwar Adumri.

Roƙona ɗaya ne. Kafin ka kora shanu zuwa mashekari, ka bar kuɗin mota a hannun mahaifiyarka ko uwargida, ka kuma faɗa a gaban mutane cewa ka yarda a kai iyalinka asibiti ko ba ka nan. Mata da yawa izinin nan suke jira har lokaci ya ƙure.