Koyar da Ɗaliban Kwamfuta Haɗa Manhaja Cikin Rukuni

Manhajar banki ko ta asibiti ba ta fitowa daga hannun mutum ɗaya. Tun a taron da ƙungiyar NATO ta kira a garin Garmisch na Jamus a 1968, masana suka koka cewa manyan ayyukan manhaja suna zarce wa'adinsu da kasafinsu, suka nemi a riƙa yin su bisa tsari irin na injiniyoyi. Sai dai ɗalibin kimiyyar kwamfuta yakan shafe shekarunsa na farko yana aiki shi kaɗai, inda leƙa aikin wani ma satar amsa ne. Kwas ɗin aikin rukuni shi ke cike wannan giɓi, kuma yawanci a shekara ta uku ko ta ƙarshe ake yin sa.

Abu na farko shi ne yawan 'yan rukuni. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a kamfanin IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya makara yana ƙara masa jinkiri. Dalili kuwa lissafi ne: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin tuntuɓa 10, tsakanin mutum 10 kuwa 45 ne. Shi ya sa malamai suka fi karkata ga mutum 4 zuwa 6. Idan aka bar ɗalibai su zaɓi junansu, abokai kan dunƙule wuri guda, masu rauni su rasa mai ɗaukarsu. Gara malami ya raba su da kansa, yana duban ƙwarewarsu da jadawalin laccocinsu.

Aikin da ya fi koyarwa shi ne wanda yake da mai buƙata na gaske, ko da ofishin da ke raba ɗakunan kwanan ɗalibai ne. Irin wannan mai buƙata yakan faɗi abu yau, ya sauya gobe, kuma jure wa hakan rabin sana'ar ne. Tsarin Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, ya dace da zangon karatu, domin yana yanka aiki gunduwa-gunduwa, ana nuna abin da ke aiki duk bayan mako biyu ko makamancin haka. Taronsa na minti 15 kullum ne dai ɗalibai ba sa iya riƙewa, saboda sauran kwasa-kwasai.

Git, tsarin adana tarihin gyare-gyaren manhaja wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wajibi ne a koyar da shi tun makon farko. Ɗalibai biyu kan gyara layi ɗaya a fayil ɗaya, su zo haɗawa ana gobe miƙa aiki, Git ya ƙi, ya jera musu rubutun biyu yana jiran a zaɓa. Wanda bai saba ba sai ya goge aikin ɗan'uwansa. Wani amfanin Git shi ne ana iya ajiye aiki ba tare da intanet ba, a tura daga baya, abin da ke da daraja inda wuta da data ba su da tabbas.

Ba da maki shi ne wurin da gizo ke saƙa. Max Ringelmann, injiniyan aikin gona ɗan Faransa, ya wallafa a 1913 cewa ƙarfin da kowane mutum ke sawa wajen jan igiya yana raguwa idan masu ja suka ƙaru. Maki ɗaya ga kowa yana azurta ci-ma-zaune, ya kashe gwiwar mai ƙwazo. Tarihin Git yana nuna wanda ya rubuta me, amma ƙirga layuka yaudara ce: wanda ya zauna da mai buƙata, ko ya gano kuskure ya share layi ɗari marasa amfani, ba zai fito a ƙidayar ba. Akwai kuma gwani mai ƙwace aikin duka, wanda ɓarnarsa ba ta gaza ta malalaci ba, ko da yake shi ake yabo. Saboda haka ake raba makin: kaso ga manhajar, kaso ga abin da 'yan rukuni suka rubuta a asirce game da juna, kaso ga tambayar baka. A nan malami kan buɗe wani fayil, ya ce ɗalibi ya bayyana abin da ke ciki, sannan ya yi masa ƙaramin gyara nan take.