Allurar Dole Ga Masu Aikin Ceto: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Bauchi

 

An nemi in yi magana a kan abin da ya raba kawunan 'ya'yanmu ma'aikata a lokacin annobar korona, wato tilasta wa masu aikin ceto yin allurar rigakafi kafin a bar su su shiga wurin aiki. In na ce masu aikin ceto, ina nufin malaman asibiti na sashen gaggawa, da direbobin motar ɗaukar marasa lafiya, da 'yan kwana-kwana, da ma'aikatan kiyaye haɗurra, har da 'yan agajinmu masu kaki waɗanda ba a biyansu ko sisi. Mu da iyayenmu suka taso daga Kano da Katsina da Zazzau suka zauna a garin nan, da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da ɗaya daga cikinsu.

Bari mu tuna yadda abin ya zo mana. Mutum na farko da aka tabbatar ya kamu a Jihar Bauchi shi ne Gwamna Bala Mohammed da kansa, ran 24 ga watan Maris, 2020. A watan Mayu aka yi ta mace-mace a Azare, har gwamnati ta rufe Katagum da Giyaɗe da Zaki. Duk wannan lokaci babu allura ko ɗaya a duniya da aka amince da ita, amma haka ma'aikatan nan suka yi ta ɗaukar marasa lafiya. Allura ba ta iso Nijeriya ba sai ran 2 ga Maris, 2021, ƙwaya kusan miliyan 4 ta AstraZeneca, aka ce ma'aikatan lafiya ne a sahun gaba. Da farko lallashi ne. A watan Oktoba na shekarar sai Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, ya ba da sanarwa cewa daga 1 ga Disamba duk ma'aikacin tarayya sai ya nuna katin allura, ko takardar gwajin da bai wuce awa 72 ba, kafin ya shiga ofis. Umarnin ya haɗa da namu na nan, irin su ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na hukumar kiyaye haɗurra.

To, wai an ba da zaɓi ke nan. Amma gwajin nan a ɗakunan gwaji na kuɗi ya haura mafi ƙarancin albashi na lokacin, wato N30,000, ga shi kwana uku kawai yake yi. Kun ga ai dole ce aka sa wa riga.

Ni dai ra'ayina, hukuma tana da hujja ta nemi mai aikin ceto ya yi rigakafi. Ɗan kasuwa a Wunti ko Muda Lawal, in ba ka so ka wuce rumfarsa. Amma wanda ya yi haɗari a hanyar Ningi ko ta Alƙaleri ba ya zaɓen wanda zai ciro shi daga mota, tsohuwar da numfashinta ya sarƙe ba ta zaɓen nas. Sannan in cuta ta kwantar da rabin ma'aikatan sashe ɗaya, wa zai karɓi masu zuwa? Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Alhazanmu shekara da shekaru ba sa hawa jirgi sai da katin allurar sanƙarau da ta shawara, ban taɓa jin wanda ya fasa Makka saboda haka ba.

Sai dai akwai abubuwan da masu ba da umarni suka tsallake, a nan nake so mu ɗan daɗe.

Na farko, tsoron mutanenmu yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, gwajin da ya shafi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Magani ne aka gwada, ba allurar rigakafi ba, amma wa zai tsaya bambancewa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan na cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ku lura kuma da yadda aka warware: an sake gwada maganin, aka samo shi daga Indunusiya, aka ci gaba a 2004, daga baya sarakuna da malamai suka shiga gaba, har aka wanke Afirka daga cutar a watan Agusta na 2020. Bayani da amana ne suka yi wannan aiki. Direban motar asibiti da ya girma yana jin labarin Trovan a gidansu, takardar ofis ba za ta cire masa shi ba.

Na biyu, mai cewa dole shi ma akwai dole a kansa. Kuɗin haɗarin aiki na ma'aikacin lafiya ya daɗe a N5,000 a wata. Likitoci masu neman ƙwarewa sun shiga yajin aiki a watan Yuni na 2020, cikin ƙorafinsu har da rashin kayan kariya, suka sake shiga a Afrilu da Agusta na 2021. Mutumin da ka tura gaban cuta ba safar hannu, ba takunkumi, ka dawo kana ce masa lafiyarsa ce ta dame ka, yaya zai ji? A watan Disamban da dokar ta fara aiki ma, gwamnati ta lalata allura fiye da miliyan 1 a Abuja saboda wa'adinta ya ƙare, don ƙasashen da suka ba mu sun kawo ta dab da lalacewa.

Yau kuma mun san abin da ba a gama sani ba a lokacin. Allurar ta rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai, wannan babu shakka. Amma da nau'in Omicron ya ɓullo a ƙarshen 2021, sai aka ga mai allura ma yana kamuwa yana kuma yaɗawa, ƙarfin hujjar tilastawa ya ragu. Birnin Niyok a Amurka ya kori ma'aikata fiye da 1,400 a Fabrairun 2022, cikinsu har da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, bayan shekara ɗaya ya janye dokar. Faransa ta dakatar da ma'aikatan lafiya da 'yan kwana-kwana ba albashi daga Satumban 2021, ta mayar da su a Mayun 2023. Ingila kuwa ta fasa tilasta wa ma'aikatan asibitocinta tun kafin ranar ta zo, don gudun kada dubbai su ajiye aiki. Doka irin wannan ya kamata a yanka mata wa'adi tun farko, a riƙa dubawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin korona a Mayun 2023, amma ma'aikacin ceto a Bauchi bai huta ba. Jiharmu tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, tare da Ondo da Edo, shi kuwa ba a kai ga samun allurarsa ba, kariyarsa safar hannu ce da wanke hannu da saurin kai mara lafiya asibiti. Wanda ya fi damuna shi ne ciwon hanta nau'in B, don ta jini ake ɗaukarsa, aikin mutanen nan kuwa cikin jini ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, galibi ba su sani ba. Tsinin allurar da ta taɓa jinin mai cutar ya fi saurin sa wa mutum ita nesa ba kusa ba a kan cuta mai karya garkuwar jiki. Tana da rigakafi mai inganci, sau uku cikin wata shida. Sai a 2004 aka sa shi cikin rigakafin jarirai a Nijeriya, wato yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Ɗan agajin da ke ɗauko gawa da masu rauni a bakin titi, wa ya taɓa tambayarsa katin wannan?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka, Shugaba, ina roƙon ƙungiya ta rubuta sunayen 'ya'yanmu masu wannan aiki, musamman 'yan agaji da ba su da ma'aikatar da za ta ɗauki nauyinsu. A fara yi musu gwajin jini, wanda aka samu da cutar a haɗa shi da likita cikin sirri, wanda ba shi da ita a biya masa allura ukun daga asusun ƙungiya. A kuma sa mutum ɗaya ya riƙe littafin ranakun, domin a ta biyu da ta uku ne mutane suke sakaci.