Wace Jami'a Ce Ta Dace Da Mai Son Zama Ɗan Wasan Kwaikwayo?



An nemi in yi magana a kan tambayar da matasa masu shirin cike fom ɗin JAMB ke yawan yi: ina son in zama ɗan wasa, wace jami'a zan zaɓa? Amsata ita ce, girman sunan jami'a ba zai koya wa kowa wasa ba. Abin dubawa shi ne sashen da za ka shiga, da yawan lokacin da zai tsayar da kai gaban 'yan kallo ko gaban kyamara kafin ka fita.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, soja ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro gandiroba ne kafin fim ya ɗauke shi. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a Janairun 2024, labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Ita kanta Kannywood, da ake lissafin farawarta daga Turmin Danya a 1990, ƙungiyoyin dirama irin su Tumbin Giwa ne suka haife ta. Babu daraktan da zai nemi ganin takardar digirinka a lokeshin. Zai ce tsaya can, faɗi kalamanka, ya duba yadda ka fito a kyamara. To, in haka ne, shekara huɗun jami'a ta mece ce?

A Amurka an raba hanyar gida biyu. Akwai digirin BFA, wanda kusan kashi biyu cikin uku na karatunsa horo ne tsagwaronsa, na murya da motsin jiki da wasa, kuma yawanci sai an tantance ka, ka yi wasa a gaban malamai, kafin a ba ka gurbi. Akwai kuma digirin BA, inda wasan kwaikwayo fanni ne da ake nazarinsa tare da sauran ilimi. Makarantu irin su Juilliard a New York da RADA a Landan, inda Olu Jacobs ya samu horo, irin horon na farkon suke bayarwa. Mu a nan, abin da jami'o'inmu ke bayarwa ya fi kusa da na biyun. Makin JAMB ke shigar da kai, da kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi da Adabin Ingilishi. Shi ya sa a aji ɗaya za ka tarar da wanda tun yana wasan tashe yake mafarkin nan, da wanda karatun lauya ya nema bai samu ba aka turo shi. A shekara huɗun za a koya maka tarihin wasan kwaikwayo tun daga Girka, da nazari, da rubutun wasa, da ba da umarni, da fitilu da sutura da tafiyar da gidan wasa, sannan ka rubuta kundin kammalawa. Wasan da ya kawo ka yanki ne kawai a ciki. Mutum yana iya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya alhali bai taɓa jan babban wasa ba.

Wannan ba aibi ba ne. Wanda ya san rubutu da ba da umarni da shirya fili ba ya rasa abin yi ranar da aka daina kiransa jarumi, kuma ranar tana zuwa ga kowa. Amma ya kamata a sani kafin a shiga.

Tun 2022 da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fito da sabon tsarin manhaja, kashi 70 cikin ɗari na darussa daga gare ta suke, 30 kowace jami'a ta tsara nata. Don haka in ka jera takardun manhajar sassa biyar, za ka gan su kusan iri ɗaya. Bambancin yana cikin al'adar da kowane sashe ya gada.

Ibadan ce uwa. A farkon shekarun 1960 aka buɗe makarantar dirama a can ƙarƙashin Geoffrey Axworthy, ta zama sashe a 1970, Wole Soyinka ya shugabance shi. Ilori ta haɗa wasa da kiɗa da rawa wuri guda, kuma a can Zulu Sofola ta yi shugabanci. Mai son rawa da waƙa ya duba can.

Zariya kuwa hanyarta daban ce, kuma a kanta zan ɗan tsaya. A 1975 aka fara koyar da dirama a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton. Gidan wasan da aka gina musu, wanda Steven Ehrlich ya zana, ginin ƙasa ne, da ɗakuna zagayayyu kewaye da fili kamar gidan Bahaushe. Tun daga ginin ka san inda aka dosa. Abin da Zariya ta yi suna a kansa shi ne wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, wanda Farfesa Oga Steve Abah da abokan aikinsa suka ɗauki shekaru suna yi. Ɗalibai kan shiga Samaru ko ƙauyuka irin su Bomo, su zauna da mutane, su ji damuwarsu, ko ta taki ce, ko ta ruwa, ko ta asibiti, su ƙulla wasa a kai ba tare da rubutaccen labari ba, su yi shi a dandali. 'Yan kallon nan ba su biya ko sisi ba, ba sa jin kunyarka. In ka gundure su, tashi za su yi su koma sabgarsu. Wani dattijo yana iya katse ka ana tsakiyar wasa ya ce ba haka abin yake ba, kuma dole ka amsa masa ba tare da ka fita daga rawar da kake takawa ba. A ganina, babu horon da ya kai wannan cire wa ɗan wasa tsoro. Kuma sana'a ce: ƙungiyoyin agaji da hukumomin lafiya suna neman masu irin wannan ƙwarewa don wayar da kai.

Sai dai wanda burinsa fim ne ya lura da wani abu. A fili, dole muryarka ta kai ga mutumin da ke can baya ba tare da makirufo ba, hannunka ya buɗe, fushinka ya fito sarari. Ka kai wannan gaban kyamara, darakta zai ce ka yi yawa. In an matso da ita kusa da fuskarka, ɗaga gira ya isa. Kuma ba a bin labari a jere. Da safe jaruma za ta yi kukan rasuwar miji, da yamma a ɗauki ɗaurin aurensu. Za a maimaita magana ɗaya sau da yawa daga kusurwoyi daban-daban, kuma kofin da ka riƙe da dama a ɗauka ta farko dole yana dama a ta ƙarshe. Wannan ilimi ne mai zaman kansa, kuma ba kowane sashe ke da kayan koyar da shi ba. Nan ne Jos ta yi fice: jami'arta tana haɗa wasan dandamali da fim, ga kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a garin, wadda ke da alaƙa da jami'ar. Jami'ar Bayero tana da nata sashen, kuma babbar ribarta garin da take ciki. A Kano ofisoshin furodusoshi suke, ga tashar Arewa24. Ɗalibi mai himma yana iya halartar lacca da safe, ya leƙa lokeshin da yamma, ko da riƙe fitila ne.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ba a cika kula da ita ba. Da Ingilishi ake koyarwa, wasannin Shakespeare da Soyinka da Ola Rotimi da Femi Osofisan ake yi. Kai kuma, in Allah ya yarda, da Hausa za ka ci abinci. Sanin inda za a ja magana, da inda za a yi habaici, da yadda suruka ke amsa gaisuwar da ba ta so, ba a samunsa a wancan aji. Rubutattun wasanninmu, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma, galibi a sashen Hausa ake karanta su, a matsayin adabi. Saboda haka ka tambaya ko sashen da kake so yana barin ɗalibai su yi wasa da Hausa, kuma ko za ka iya ɗaukar kwas daga sashen harsuna.

Yaya za ka san duk wannan? Ka taka ka je da ƙafarka. Ka nemi ɗaliban aji uku, domin su ba su da dalilin yi maka ado. Wasa nawa suka yi a zangon da ya wuce? Su nawa ne a aji? Ajin da ya cika maƙil, mutum goma ne za su samu magana, sauran su zama taron jama'a har su gama. Fitilun gidan wasan suna kamawa? Akwai kyamara, kuma ana barin ɗalibi ya taɓa ta, ko a kulle take a ofis? Malaman suna shirya wasa da kansu har yanzu? Nawa ɗalibai ke tarawa daga aljihunsu don sutura da kayan fili? Sannan ka tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin, don kada a zo tafiya bautar ƙasa a ji wani labari.

Iyaye, na san abin da ke ranku, musamman a kan 'ya'ya mata. Gaskiya ne bitar wasa takan kai dare idan ranar nunawa ta matso, kuma maza da mata tare suke aiki. Kuna da haƙƙin tambayar ƙarfe nawa ake tashi, wane malami ke tsayawa a kansu, da nisan wurin da ɗakin kwanan ɗalibai. Sashen kirki zai amsa muku ba tare da ɓata rai ba. Wanda ya ƙi amsawa, ku ma kun samu amsa.

Roƙona gare ku, iyaye da 'ya'ya, shi ne kafin a cike fom ɗin bana, ku binciki ranar da ɗaliban ajin ƙarshe za su nuna wasansu a sashen da kuke tunani, ku je tare ku zauna ku kalla daga farko har ƙarshe.