Yadda Doka Ta Tsare Sunan Masaƙan Harris

Jama'a, ku saurara in ba ku labarin waɗansu masaƙa da doka ta tsaya musu.

A yammacin ƙasar Sikotilan, can cikin teku, akwai waɗansu tsibirai da a ke kira Hebrides. Ƙasa ce mai duwatsu da sanyi, noma ba ya yin albarka sosai, amma akwai tumaki. Tun kaka da kakanni mutanen wurin su kan kaɗa gashin tumaki, su rina, su saƙa wani yadi mai kauri. Shi a ke kira Harris Tweed, watau an sa masa sunan wani yanki na tsibiran.

Da yadin nan ya yi suna, sai 'yan kasuwa na waɗansu garuruwa suka shiga saƙa irinsa da inji, suna sayarwa da araha da wannan suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

To, a 1909 aka kafa ƙungiya don tsaron sana'ar, aka yi rajistar hatimi, aka riƙa buga shi a kan yadi na ainihi. Rigima ba ta ƙare ba, har a 1964 wani alƙali a birnin Edinbara ya yanke hukunci, ya ce lalle a yi aikin duka a tsibiran. A 1993 kuwa Majalisar Birtaniya ta yi doka musamman. Dokar ta ce ba a kiran yadi Harris Tweed sai na gashin tumaki zalla, wanda aka rina, aka kaɗa a tsibiran, mutumin wurin kuma ya saƙa shi a gidansa, ba da injin lantarki ba. Sai an dudduba yadi kafin a buga masa hatimi.

Ku lura, abin da dokar ta tsare shi ne suna, domin da suna masaƙi ke cin abinci. Mu ma mun san zafin wannan. Jar fatar awakin Sakkwato, da fatake ke ƙetare Sahara da ita, da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko. Majemanmu suka sha wahala, yabo ya tafi wata ƙasa.

Saboda haka, ku masaƙa da marina da dukawa, ku haɗa kai, ku tsai da alamar aikinku, ku nemi hukuma ta rubuta ta. Amma ku sani, doka ba ta riƙe ƙoshiya. Sai kun zaunar da 'ya'yanku kusa da ku sun koya. Allah ya sa albarka a sana'a.