Jawabi ga 'Yan Reshen Bazaga: Wa Zai Rubuta Labarinmu?



A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta karkashe mutanenta. Kakanninmu aka kashe, amma Nasara ne suka fara sa labarin a takarda, da harshensu, yadda ya yi musu daɗi.

Daga baya 'yan ƙasa sun tashi. A 1975 Djibo Hamani ya fitar da tarihin Adar kafin zuwan Nasara. A 1980 Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba, ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu wadda ta tari waccan runduna. Mun gode musu. To, amma da Faransanci suka rubuta. Manomin Bazaga fa, da me zai karanta?

Kuma tarihi bai tsaya ga yaƙi da sarauta ba. Yadda uwayenmu ke dama fura da tuƙa tuwon gero, yadda manoman Galmi ke renon albasar da ta yi suna har bakin teku, duk ilmi ne, kuma tsofaffin da ke riƙe da shi suna ta tafiya.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe, daga Malbaza har Illela: ran kasuwa a zauna da dattijo guda da tsohuwa guda, a rubuta abin da suka faɗa, da boko ko da ajami, a karanta a taron reshe, a ajiye. Kada a bari sai baɗi.

Allah ya ba mu sa'a, amin.